Manhajar Dokokin Golf ta R&A: Yadda Take Taimaka wa Mai Kallo Ya Auna Hukuncin Manyan Gasanni

Duk wanda ya daɗe yana kallon manyan gasannin golf, wasan da wasu kafofin labarai ke kira ƙwallon lambu, ya san lokacin nan da alƙalin wasa ke tunkarar ɗan wasa a cikin 'yar motarsa, su yi magana ƙasa-ƙasa, jim kaɗan kuma a ga makin ɗan wasan ya canza a kan allo. Masu sharhi a talabijin sukan ambaci lambar doka su wuce, mai kallo kuwa a bar shi yana tunanin ko an yi adalci ko an yi zalunci. Wannan ne ya sa na sauke manhajar Rules of Golf ta hukumar R&A, na kuma yi amfani da ita tsawon kakar wasa guda ina duba kowane hukunci da ya tayar da ƙura, sannan na koma da ita kan tsofaffin hukunce-hukuncen da har yau ake jayayya a kansu.

R&A tana da mazauni a St Andrews da ke Sikotilan, kuma ita ke kula da dokokin wasan a duk duniya ban da Amurka da Meziko, waɗanda ke hannun hukumar USGA. Tun 1952 hukumomin biyu suke fitar da doka iri ɗaya, saboda haka abin da mutum ya karanta a wannan manhaja shi ne ake hukunci da shi a gasar Masters da US Open da gasar Open ta Birtaniya. Kyauta ake sauke ta a wayoyin iPhone da Android, tana nan a harsuna da dama, kuma tana ɗauke da cikakkun dokoki 25 na bugun 2023, da ma'anonin kalmomi, da ƙarin bayanin da alƙalai ke dogara da shi, da tsarin aikin kwamitin gasa. Akwai zane-zane da gajerun bidiyo, akwai sashen da mutum zai taɓa hoton wurin da ƙwallonsa take a fili a kai shi ga dokar da ta shafe shi, akwai kuma tambayoyin gwaji ga mai son auna saninsa. Idan aka tuna cewa dokokin farko da aka rubuta a Leith a 1744 guda 13 ne kacal, za a gane irin kayan da aka tara a cikin waya ɗaya.

Abu na farko da manhajar ta gyara mini shi ne fahimtar matakan hukunci, a wasan da mai ƙarancin bugu ne ke nasara, tara kuma ƙarin bugu ce a kan makin ɗan wasa. Uku ne. Akwai tarar bugu ɗaya ga ƙananan kurakurai, akwai babbar tara wadda take bugu biyu a gasar da ake lissafin jimillar bugu, ko asarar ramin baki ɗaya a karawar mutum da mutum, sannan akwai kora daga gasa. Da mutum ya riƙe wannan, rabin abin da yake gani kamar son zuciyar alƙali sai ya zama lissafi kawai. Lokacin da Ian Woosnam ya gano sanda ta 15 a jakarsa a rami na biyu na zagayen ƙarshe na gasar Open ta 2001 a Royal Lytham, babu wani alƙali da ke da ikon tausaya masa, domin doka ta ce sanda 14 ce iyaka, kuma kowane ramin da aka buga da ƙari yana jawo bugu biyu, iyaka bugu huɗu a zagaye ɗaya. Manhajar tana nuna wannan cikin daƙiƙa kaɗan, kuma a irin wannan wuri ba ta da na biyu.

Na fi daɗewa a kan Doka ta 3.3b, wadda ta shafi katin maki, domin a nan ne golf ya fi kowane wasa tsauri. A gasar ƙwararru ɗan wasa ba ya rubuta makinsa da kansa. Abokin tafiyarsa ne ke rubuta masa, shi kuma ya duba ya sa hannu. Idan ya sa hannu a kan adadin da ya fi na gaskiya yawa a wani rami, adadin nan ne zai tsaya. Idan ya sa hannu a kan wanda ya gaza na gaskiya, an kore shi. Wannan ce dokar da ta kama Roberto De Vicenzo na Ajantina a gasar Masters ta 1968, a ranar da ya cika shekara 45 da haihuwa. Ya yi bugu 3 a rami na 17 a gaban dubban mutane da kyamarori, Tommy Aaron ya rubuta masa 4, shi kuma ya sa hannu bai lura ba. Makinsa ya tashi daga 65 zuwa 66, Bob Goalby ya lashe gasar da tazarar bugu ɗaya, karawar raba gardama da ya kamata a yi ta leƙo ta koma. Mai karanta manhajar yau zai tarar da cewa wannan ɓangare na dokar bai motsa ba ko kaɗan. A 2024 ma an kori Jordan Spieth daga gasar Genesis Invitational a filin Riviera saboda ya sa hannu a kan 3 a ramin da ya yi 4, alhali na'urorin gasar suna da ainihin makinsa tun kafin ya bar ramin.

Hujjar masu kare wannan doka ita ce a golf ɗan wasa ne alƙalin kansa, sa hannu kuma shi ne shaidar da yake bayarwa a gaban sauran 'yan wasa. Na yarda da hujjar a filin da babu mai kallo sai abokin tafiya. A gasar da kowane bugu ake nadarsa, ina ganin kora ta yi nauyi a kan kuskuren alƙalami. Wani abin lura da na tsinta a sashen aikin kwamiti shi ne dokar ta bar wa kwamitin gasa ikon fayyace lokacin da za a ce an miƙa kati har bakin alƙalami ya bushe. Ta wannan ƙofa ce hukumar PGA Tour, mai shirya gasannin ƙwararru a Amurka, ta bi a watan Yunin 2024, ta ba ɗan wasa minti 15 ya dawo ya gyara kuskure bayan ya bar wurin sa hannu. Dokar ba ta canza ba, amma sakamakonta ya canza, kuma wanda ya tsaya a kan shafin dokar kaɗai ba zai san haka ba.

Inda manhajar ta fi burge ni shi ne batun bidiyo. Shekaru da yawa mai kallo daga gida yana iya kiran waya ya kai ƙarar ɗan wasa. A 1987 a Torrey Pines, Craig Stadler ya shimfiɗa tawul ya durƙusa a kai don ya buga ƙwallo daga ƙarƙashin bishiya ba tare da ya ɓata wandonsa ba. Wani mai kallo ya kira, aka ce ya gina wa kansa wurin tsayuwa, abin da doka ta hana, kuma da yake ya riga ya sa hannu a katin ranar ba tare da tarar ba, aka kore shi bayan ya gama gasar a sahun na biyu. Shekara 30 bayan haka abin ya kai maƙura a kan Lexi Thompson a gasar ANA Inspiration ta 2017. Ranar Asabar ta ɗaga ƙwallonta a farfajiyar rami na 17, wato shimfiɗaɗɗiyar ciyawar da ke kewaye da ramin, ta mayar da ita ɗan nesa da inda take, tazarar da ba ta kai inci ɗaya ba. Wani mai kallo ya aika da imel, ranar Lahadi kuma, tana kan gaba da bugu biyu, aka tare ta bayan rami na 12 aka shaida mata an ƙara mata bugu huɗu: biyu na buga ƙwallo daga wurin da ba nata ba, biyu na sa hannu a kan katin da bai ƙunshi tarar da ba ta san da ita ba. Ta yi ta maza ta kai karawar raba gardama, So Yeon Ryu ta doke ta.

Idan aka ɗauki wannan shari'a aka bi ta a manhajar, za a ga an toshe kusan kowace kafa da abin ya biyo. Tun daga Janairun 2018 manyan hukumomin gasa sun daina karɓar ƙarar masu kallo, sun sa nasu jami'an su riƙa bin hotunan da ake watsawa. Doka ta 3.3b ta cire ƙarin bugu biyu ga wanda bai san ya yi laifi ba lokacin da ya sa hannu. Doka ta 20.2c ta ce idan abin da bidiyo ya nuna ba abu ne da ido zai iya gani a lokacin ba, to ba za a yi hukunci da shi ba, wanda shi ne abin da zai iya ceton Anna Nordqvist, wadda kyamara mai kusantar da hoto ta nuna sandarta ta taɓa 'yan ƙwayoyin yashi a karawar raba gardama ta US Women's Open ta 2016, aka ci ta bugu biyu, Brittany Lang ta ɗauki kofi. Doka ta 1.3b kuma ta ce idan ɗan wasa ya yi iyakar ƙoƙarinsa wajen kimanta wuri ko tazara, za a karɓi kimantawarsa ko da bidiyo ya nuna ya ɗan kauce. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, kuma a ƙarshe doka ta yarda da haka. An rubuta waɗannan sassa a sarari, an haɗa su da juna ta yadda taɓa kalma ɗaya zai kai mutum ga ma'anarta, kuma a nan ne na ji manhajar ta biya ni lokacin da na ba ta.

Haka abin yake game da ƙwallon da ta motsa. A zagayen ƙarshe na US Open ta 2016 a Oakmont, ƙwallon Dustin Johnson ta ɗan motsa a farfajiyar rami na 5, alƙalin da ke tare da shi ya ce babu laifi, sai a rami na 12 aka zo aka ce masa wataƙila a ci shi tara bayan an tashi. Shi da masu binsa suka buga ramuka bakwai ba wanda ya san ainihin makin jagoran gasa. An ci shi bugu ɗaya, ya yi nasara da tazarar uku, USGA kuma ta nuna nadama kan yadda ta tafiyar da lamarin. Yau Doka ta 13.1d ta ce babu tara idan ƙwallo ta motsa bisa kuskure a farfajiyar rami, a sauran wurare kuma ba za a ɗora wa ɗan wasa alhakin motsin ba sai an tabbatar, ko kuma yiwuwar hakan ta kai kashi 95 cikin 100. Rickie Fowler ma ya bar tasa alama: a gasar Phoenix Open ta 2019 ya ajiye ƙwallo bayan ya biya tarar faɗawa ruwa, ya tafi duba farfajiya, ƙwallon ta gangara da kanta ta koma ruwa, aka sake cin sa bugu ɗaya. Bugun 2023 ya gyara wannan, yanzu mayar da ƙwallon ake yi wurinta ba tare da tara ba.

Sai dai akwai wahala ga mai son bin tarihi kamar yadda na yi. A 2019 an sake tsara dokokin daga 34 zuwa 24, kafin a ƙara ta 25 ta 'yan wasa masu buƙata ta musamman a 2023, saboda haka lambobin da tsofaffin rahotanni ke ambata ba su dace da na manhajar ba. Wanda ya nemi Doka ta 33-7, wadda aka yi amfani da ita wajen yafe wa Tiger Woods kora a gasar Masters ta 2013, ba zai same ta da wannan lamba ba. Dole mutum ya san abin da ya faru a fili, ya neme shi da kalmomin da doka ke amfani da su, kuma Turancin dokar na lauyoyi ne, kowace kalma da nata iyaka.

Iyakar manhajar ta gaskiya tana wani wuri dabam. Abin da ke cikinta dokar kowa da kowa ce, amma kowace babbar gasa tana da takardar ƙa'idojinta na musamman da kwamiti ke rabawa 'yan wasa, kuma sau da yawa a cikin wannan takarda hukuncin yake. A gasar PGA Championship ta 2010 a Whistling Straits, filin da ke da gurabun yashi kusan dubu, kwamiti ya sanar cewa duk wani gurbin yashi, ko da 'yan kallo sun tattake shi suna tsaye a ciki, gurbi ne na doka. Dustin Johnson ya zo rami na ƙarshe yana kan gaba da bugu ɗaya, ƙwallonsa ta faɗa wani ɗan fili mai yashi a tsakiyar jama'a, ya dafa sandarsa a ƙasa kafin ya buga, abin da doka ta hana a gurbin yashi, aka ci shi bugu biyu, Martin Kaymer da Bubba Watson suka tafi raba gardama ba tare da shi ba. A 2012 da 2021 kuwa, gasar nan dai, ƙarƙashin hukumar nan dai, an buga ta a Kiawah Island, kwamiti ya ce babu gurbin yashi na doka ko ɗaya a filin, kowa na iya dafa sanda a yashi. Aiki ɗaya ne, a fili ɗaya ya hana mutum damar lashe kofi, a ɗayan ko kallonsa ba a yi. Manhajar tana da samfurorin irin waɗannan ƙa'idoji da kwamiti zai iya zaɓa daga ciki, amma ba za ta gaya wa mai kallo wanda aka zaɓa a gasar da yake kallo ba.

Batun jan ƙafa a wasa ya fi wannan ciwo. Doka ta 5.6b ta ba da shawarar kada bugu ya wuce daƙiƙa 40, amma shawara ce, hukuncin yana hannun tsarin kowace hukuma. Tsakanin 1995, lokacin da aka ci Glen Day tara a Honda Classic, da 2017, lokacin da aka ci Brian Campbell da Miguel Angel Carballo a Zurich Classic, babu ɗan wasan da PGA Tour ta ƙara wa bugu saboda jinkiri a gasanninta na yau da kullum, duk da cewa zagaye na sama da awa biyar ba baƙon abu ba ne. A ranar Juma'ar gasar Masters ta 2013 kuwa aka ci Guan Tianlang na ƙasar Sin, yaro ɗan shekara 14, tarar bugu ɗaya saboda jinkiri, da ƙyar ya tsallake zuwa zagaye na uku. A wannan rana ce Tiger Woods, bayan ƙwallonsa ta faɗa ruwa a rami na 15, ya saki wata kimanin yadi biyu bayan inda ya kamata, ya faɗi hakan da bakinsa a hira, ya kuma riga ya sa hannu a kati ba tare da tara ba. Washegari aka ci shi bugu biyu aka yafe masa kora, bisa dalilin cewa kwamiti ya duba bidiyon kafin ya sa hannu ya ce babu laifi, bai kuma kira shi ya tambaye shi ba. A ganina hukuncin Woods yana da madogara, domin kuskuren kwamiti ne ya kai shi ga sa hannu, na Guan ma yana da madogara, domin an gargaɗe shi. Amma wanda ya ga biyun a rana ɗaya yana da haƙƙin tambayar yadda aka yi agogon alƙali ya fi saurin kama yaro baƙo fiye da manyan taurari, kuma babu shafin manhajar da zai amsa masa.

Kyamara ita ma ba ta bin kowa daidai. Shahararren ɗan wasa kowane motsinsa ana ɗauka daga kusurwa da yawa, wanda ba a sani ba kuwa yana iya gama zagaye ba a nuna shi ko sau ɗaya ba. A gasar Open ta 2025 a Royal Portrush an ci Shane Lowry bugu biyu a zagaye na biyu bayan bidiyo ya nuna ƙwallonsa ta ɗan motsa a cikin ciyawa lokacin da yake gwajin bugu a rami na 12. Na bi hukuncin a manhajar na tarar ya dace da rubutun doka, domin ma'aunin shi ne ko ido zai iya ganin motsin, ba ko ɗan wasan ya gani ba. Duk da haka, da abin ya faru da wani a rukunin da kyamara ba ta bi, da babu wanda zai sani, har shi kansa.

Akwai kuma sabbin dokokin da aka fara aiki da su kafin a gama tace su. A Janairun 2019 an ci Li Haotong bugu biyu a ramin ƙarshe na Dubai Desert Classic saboda mai ɗaukar jakarsa yana tsaye a bayansa lokacin da ya fara gyara tsayuwa, abin da ya sauko da shi daga sahun na uku zuwa na 12. Mako guda bayan haka aka ci Denny McCarthy irin wannan tara a Phoenix, aka janye ta washegari, a watan Fabrairu kuma hukumomin biyu suka fitar da ƙarin bayani. Manhajar tana nuna Doka ta 10.2b, wadda ta shafi wannan tsayuwa ta mai ɗaukar jaka, a gyararriyar surarta, tsaf ba tangarɗa, Li kuwa ba a mayar masa da komai ba.

Ga mai kallon da ke son ya daina dogaro da zafin ran masu sharhi, ina ba da shawarar wannan manhaja ba tare da wata-wata ba, musamman sashen ma'anonin kalmomi da na aikin kwamiti, waɗanda yawancin mutane ke tsallakewa. Ga mai buga wasa a ƙarshen mako, sashen neman doka ta hoto ya ishe shi, domin zai ba shi amsa kafin minti uku na neman ƙwallo su cika. Wanda kuma yake son yanke hukunci kan adalcin abin da aka yi wa wani ƙwararre, sai ya haɗa ta da sanarwar kwamitin gasar da tsarin hukumar da ke gudanar da ita. Abu ɗaya da na nema na tarar ba a taɓa ba shi ne ƙwallon da aka buga daidai tsakiyar hanya ta faɗa gurbin da sandar wani ya ƙwaƙule da safe: Doka ta 8.1 ta ce a buga ta yadda take, ba sassauci, ko da a ramin ƙarshe na gasar Open ne.